Manhajar Windy da Damina: Abin da Take Nunawa da Abin da Ba Ta Iya Alƙawartawa

Windy manhaja ce ta duba yanayi wadda ake saukarwa kyauta a wayar hannu, ana kuma iya buɗe ta a kwamfuta ta adireshin windy.com. Wani attajiri ɗan Jamhuriyar Cek mai suna Ivo Lukačovič ne ya ƙirƙire ta a shekarar 2014, kuma da yake shi kansa matuƙin jirgin sama ne mai sha'awar wasannin da suka dogara da iska, tun farko an tsara ta ne domin matuƙa jirage da masu shiga teku, ba domin manomin gero na Ɗambatta ko na Tasawa ba. Duk da haka, a ganina babu wata manhaja ta kyauta da ke nuna yadda damina ke shigowa Afirka ta Yamma da yadda take janyewa a fili kamarta. Sai dai nuna wa mutum abin da ke gudana a sararin sama abu ne dabam, gaya masa ko za a yi ruwa a garinsu ranar Talata kuma abu ne dabam. A na farko Windy gwana ce, a na biyu kuwa sai an yi hattara da ita.

Mai saukarwa ya lura cewa manhajoji biyu ne ke ɗauke da wannan suna a rumbun Google da na Apple. Wadda ake magana a kanta ita ce mai jar alama, wato Windy.com. Ɗayar mai shuɗiyar alama, Windy.app, ta wani kamfani ce dabam, kuma ta fi karkata ga masu wasannin ruwa.

Da zarar an buɗe ta, abin da ke bayyana shi ne taswirar duniya lulluɓe da launuka, ga dubban ƙananan layuka suna gudana a kanta, kowanne yana bin hanyar da iska ke bi a wurin. A ƙasan allo akwai sandar lokaci da ake ja domin ganin awanni da kwanaki masu zuwa, a gefe kuma akwai jerin shafuka: na iska, na ruwa da tsawa, na zafi, na gajimare, na ƙura, na ɗumin ruwan teku, na hoton tauraron ɗan'adam, da wasu da dama waɗanda manomi ko ɗan kasuwa ba zai taɓa buƙatarsu ba. Babu tallace-tallace masu tsole ido, kuma wannan abin yabo ne ga duk wanda ya saba da manhajojin yanayi na kyauta. Akwai kuma wani madanni da mutane da yawa ba su kula da shi, wanda ke ɗaga kallo daga doron ƙasa zuwa tsayin mita 1,500 ko 3,000 ko fiye da kilomita 13, alhali shi ne ya fi komai karantarwa a cikin manhajar.

Wanda ya buɗe shafin iska a watan Janairu zai ga layukan suna gangarowa daga arewa maso gabas, daga Libiya da Chadi, suna ratsa Damagaram da Kano da Sakkwato har su kusanci gaɓar teku. Iskar hunturu ke nan. Idan ya sake buɗewa a watan Yuli zai tarar hoton ya juye, domin iskar tana tasowa ne daga kudancin tekun Atlantika, ta tsallako layin Ikwaita, ta karkata ta shigo ta Legas da Kwatano da Akara daga kudu maso yamma ɗauke da laima, ta nausa arewa har ta wuce Agadas. Wannan juyawar iska daga rani zuwa damina ita ce masana ke kira monsun, kuma tushenta shi ne ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi. Idan Sahara ta gasu, iskar da ke kanta sai ta yi sauƙi ta tashi sama, matsin iska ya ragu a wurin, sanyayyar iskar teku kuma ta kwararo domin cike gurbin. A shafin matsin iska ana ganin wannan gurbi zaune a kan arewacin Mali da kudancin Aljeriya da gabashin Muritaniya a watannin Yuli da Agusta, a shafin teku kuma ana ganin ruwan mashigin Gini yana sanyaya tun daga watan Mayu, abin da ke ƙara faɗaɗa tazarar zafi tsakanin teku da hamada, ya ƙara wa iskar ƙarfi.

Inda iskokin biyu suka yi karo akwai iyaka, kuma hanya mafi sauƙi ta ganinta ita ce shafin raɓa, wanda ke auna laimar da ke cikin iska ta hanyar nuna sanyin da za a kai kafin raɓa ta fara sauka. Masana yanayi na wannan yanki sukan ɗauki layin da awon raɓa ya nuna digiri 14 zuwa 15 na ma'aunin Celsius a matsayin iyakar: arewa da shi busasshiyar iska ce, kudu da shi kuma iskar damina. A wannan shafi launukan biyu suna rabuwa ƙarara, kuma wanda ya riƙa leƙawa mako-mako daga Maris zai ga iyakar tana hawa sannu a hankali, tana kutsawa arewa da dare tana ɗan ja da baya da rana, har ta kai wajen layin taswira na digiri 20 arewa da Ikwaita a tsakiyar Agusta, sannan ta koma kudu cikin Satumba da Oktoba da saurin da ya zarce na zuwanta. Abin da ya kamata a riƙe shi ne ruwa ba ya sauka a kan iyakar kanta. A bakin iyakar iskar laima ba ta da kauri, busasshiyar iskar Sahara kuma tana kwance a bisanta tana hana gajimare girma, don haka sai an koma kudu da ɗaruruwan kilomita kafin a sami hadari na gaske. Wannan shi ne bayanin zafin bazara da kowa ya sani a Kano da Maraɗi cikin Afrilu da Mayu, lokacin da iska ta juya, gumi ya ƙi bushewa, gajimare ya taru da yamma ya watse ba tare da ko ɗigo ba. Iyakar ta riga ta wuce garin, amma iskar damina ba ta yi kauri ba tukuna.

Shafin tarin ruwa, wanda ke haɗa abin da ake sa ran zai zuba cikin kwana 3 ko 5 ko 10, yana nuna wani abu da ba a cika lura da shi daga ƙasa ba. A Mayu da farkon Yuni mafi yawan ruwa yana zuba ne a gaɓar teku, wajen digiri 5 arewa, sai kuma a ƙarshen Yuni zirin ruwan ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki ya koma wajen digiri 10. Daga nan ne damina ke kankama a arewa har marka ta zo a Agusta, a daidai lokacin da Legas da Ibadan da Akara ke samun ɗan hutun ruwan da suka saba da shi duk shekara.

Akwai tambayar da duk mai lura zai yi: idan laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas? A nan ne madannin tsayi ke amfani. A bar taswirar a kan Najeriya da Nijar a wata rana ta Agusta, a ɗaga kallo daga doron ƙasa zuwa mita 3,000, wato inda aka rubuta 700hPa, nan take layukan za su juya su kama gudu daga gabas zuwa yamma. A tsakanin mita 3,000 da 4,000 da 'yan kai akwai wata ƙaƙƙarfar iska da ke ratsa Afirka daga Sudan zuwa Senegal, wadda a Agusta takan zauna wajen digiri 15 arewa, kuma bambancin zafi tsakanin hamada da dazuzzukan kudu ne ke haifar da ita. Iskar ƙasa ita ke kawo laima, amma gajimaren hadari dogo ne, yana kaiwa kilomita 15 ko fiye, don haka iskar sama ce ke tura shi yamma. Bambancin da ke tsakanin iskar ƙasa da ta sama shi ne kuma ke sa hadarurruka su jeru a layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su yi ta sabunta kansu suna tafiya awa goma ko ashirin ba su mutu ba. Malamin labarin ƙasa zai iya shafe darasi guda yana zana wannan a allo, amma a manhajar jan yatsa ɗaya ya isa, kuma saboda wannan kaɗai na ga ta cancanci shiga kowane ajin sakandare da ake koyar da yanayi.

A wannan tsayin ne kuma ake ganin iskar tana lanƙwasa tana yin igiyoyi masu wucewa duk bayan kwana 3 zuwa 5, waɗanda ke sa a sami kwanakin hadari a jere sannan a sami sarari. Idan suka fita ta gaɓar Senegal da Gini suka faɗa teku, daga cikinsu ne mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka ke samo asali, kuma a watan Satumba ana iya bin guda ɗaya a taswirar tun daga kan Chadi har ta zama mahaukaciyar guguwa a tsakiyar Atlantika.

Shafin da ya fi amfani ga rayuwar yau da kullum shi ne na tauraron ɗan'adam, saboda shi ba hasashe ba ne, hoto ne na abin da ke sama a yanzu, wanda taurarin Meteosat na Turai ke ɗauka duk bayan 'yan mintoci. Idan aka zaɓi nau'in hoton da ke auna sanyin saman gajimare, hadari mai ƙarfi yana fitowa da launi mai kauri ko da tsakar dare ne, ana kuma iya kunna hotunan awannin da suka wuce a ga inda ya taso da inda ya dosa. Wanda ya daɗe yana kallo zai gane cewa hadari yana da wuraren haihuwa da ya saba: tsaunukan Habasha, Jabal Marra na Darfur, duwatsun Adamawa da Kamaru, tudun Jos, da duwatsun Azbin a arewacin Agadas. Yakan tashi ne bayan azahar idan rana ta gasa duwatsun, sannan ya kama hanyar yamma da gudun da ya kai kilomita 50 zuwa 60 a awa. Irin waɗannan manyan hadarurruka masu tafiya, duk da ba su da yawa a shekara, su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tsakiyar Sahel, shi ya sa rasa uku ko huɗu daga cikinsu kan iya raba shekarar yalwa da shekarar fari.

Daga wannan gudu mutum zai iya yin lissafinsa da kansa. Tsakanin Maiduguri da Kano akwai kusan kilomita 500 a miƙe, don haka hadarin da ya bar Maiduguri da la'asar, idan bai mutu a hanya ba, sai cikin dare zai iso Kano. Tsakanin Damagaram da Maraɗi kilomita 200 ne da 'yan kai, wato awa huɗu ko ƙasa da haka. Wannan ne ma dalilin da ya sa ruwan Yamai ya fi sauka da asuba, domin hadarin da ke isa can ya taso ne daga gabas tun yammacin jiya. Ga mai shanya hatsi ko barkono, da magini mai shirin zuba kankare, da manomi mai son yin feshi ko zuba taki, da direban da zai bi hanyar da ba kwalta, sanin cewa akwai layin hadari a kan Fataskum yana tahowa ya fi duk wata lamba da aka rubuta a ƙarƙashin sunan gari daraja. Amma akwai sharuɗɗa. Ba duk faɗin gajimaren da ake gani ne ke zubar da ruwa ba, domin samansa yana bazuwa ya rufe wuri mai yawa, alhali ruwa mai ƙarfi yana gefen yamma ne inda hadarin ya sa gaba, wurin da iska da ƙura ke riga shi isowa, sannan yayyafi mai daɗewa ya biyo baya. Hadari yana iya mutuwa kafin ya iso, yana iya karkata kudu, wani sabo kuma yana iya tashi a kan gari cikin awa guda ba tare da ya taho daga ko'ina ba. Alamun walƙiya da manhajar ke ɗorawa a kan hoton suna taimakawa wajen gane ɓangaren da ke da rai.

Raunin manhajar yana bayyana ne idan aka danna sunan gari aka buɗe jadawalin kwanaki, inda za a ga an rubuta cewa ranar Laraba da ƙarfe huɗu za a sami milimita 2.3 na ruwa. Lambar tana da kwarjini, amma ba ta da tushen da ya kai kwarjininta. Windy ba ita ke yin hasashen ba, tana nuna sakamakon manyan na'urorin lissafi ne na wasu cibiyoyi: ECMWF ta Turai mai hedikwata a Reading ta Ingila, GFS na hukumar yanayi ta Amurka, da ICON na Jamus. Waɗannan na'urori suna yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita 9 a na Turai, 13 a na Jamus, fiye da haka a na Amurka kamar yadda manhajar ke nuna shi. A ƙasashen Turai, inda ruwa ke zuwa da manyan tsare-tsaren iska masu faɗin dubban kilomita, wannan ya wadatar. A ƙasarmu kuwa hadari yana farawa ne daga gajimare ɗaya mai faɗin kilomita kaɗan, wanda bai cika gida guda ba, don haka na'urar ba ta ganinsa, sai dai ta yi kirdadon tasirinsa. Sakamakon sananne ne ga masana: na'urorin sukan zubar da ruwa kaɗan-kaɗan kusan kullum a wuri mai faɗi, kuma da wuri cikin yini, alhali a zahiri ana iya yin kwana biyar ba ɗigo sannan a yi na dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya, gonar wani ta cika ta maƙwabcin ƙauye tana ƙura. Binciken da aka yi a kan hasashen ruwa na kwana ɗaya zuwa biyar a wannan yanki ya nuna cewa ɗanyen sakamakon manyan cibiyoyin sau da yawa bai fi abin da za a samu ta duba tarihin ruwan wurin a shekarun baya ba.

Wani ɓangare na matsalar daga ƙarancin awo yake. Na'urar lissafi tana buƙatar a gaya mata halin da sama take ciki yau kafin ta faɗi na gobe, kuma tashoshin da ke harba balan-balan na awon iska a Afirka kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Turai ko Amurka. Haka nan shafin rada, wanda a wasu ƙasashe ke nuna saukar ruwa unguwa-unguwa, a mafi yawan Afirka ta Yamma fayau yake. Ba za a ɗora wa masu manhajar laifin wannan ba, amma da sun kyauta idan da akwai wata alama da ke gargaɗin mai amfani cewa lambar ruwa a Katsina ba ta da ƙarfin lambar ruwa a birnin Prag na Jamhuriyar Cek, domin jadawalin iri ɗaya yake fitowa da tabbaci iri ɗaya a ko'ina.

Abin da ke rage wannan aibi shi ne manhajar tana ba da damar jera hasashen cibiyoyin a allo ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Idan aka ga na Turai ya ce milimita 20, na Amurka ya ce babu komai, na Jamus ya ce 4, to amsar gaskiya ita ce babu wanda ya tabbatar, kuma manhajar da ke nuna saɓanin ta fi wadda ke ɓoye shi ta fito da hoton gajimare ɗaya gaskiya. Idan kuwa dukansu suka nuna ruwa mai yawa a kan faɗin jihohi uku ko huɗu cikin kwana biyar masu zuwa, wannan magana ce da za a saurara, ko da ba za a san gari da awa ba. Hasashen zafi da na iska da na laima kuwa sun fi na ruwa inganci nesa ba kusa ba. Ana kuma iya danna filin jirgin sama, kamar na Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai, a ga ainihin awon da aka yi a wurin, a gwada shi da abin da na'urar ta faɗa.

Babban haɗarin da nake hangowa yana wajen shuka. Manomin arewa ya san ruwan farko mayaudari ne, ya san asarar iri idan aka shuka ko aka yi binne sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Wani ma'auni da masana aikin gona a Sahel suka daɗe suna amfani da shi yana cewa damina ta sauka ne idan aka sami milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a sami tsaikon da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin wannan sharaɗi ya shafi wata guda mai zuwa, Windy kuwa ba ta hangen wata guda, kuma ko abin da take nunawa bayan kwana biyar ko shida a shafin ruwa bai kamata a jingina buhun iri a kansa ba. Tambayoyin yaushe damina za ta sauka, yaushe za ta ɗauke, da ko za a sami tsaiko a tsakiya, na hasashen shekara ne, wanda ke duba ɗumin tekunan Pasifik da Atlantika da Indiya da Bahar Rum. Wannan aikin hukumar kula da yanayi ta NiMet ne a Najeriya, wadda ke fitar da hasashenta a farkon kowace shekara har da fassarar Hausa, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970. Abin da Windy za ta iya ƙarawa a nan shi ne shafin raɓa: idan ruwan farko ya zo alhali iyakar iskokin tana kai da komo a kusa da gari, akwai dalilin jinkirtawa, idan kuwa ta yi nisa arewa ta zauna, zuciya ta fi kwanciya.

Haka batun ambaliya yake. Manhajar tana nuna ruwan sama, ba ta nuna cikar kogi ko halin da madatsa ke ciki. A 2024 iskar damina ta kutsa arewa fiye da yadda aka saba, aka yi ruwa har cikin hamada, kuma duk mai kallon tauraron ɗan'adam a Agusta da farkon Satumba ya ga hadari yana bin hadari a kan Chadi da Borno. Amma babu shafin da zai gaya masa cewa madatsar Alau za ta ɓalle ranar 10 ga Satumba ta mamaye Maiduguri, kamar yadda babu wanda zai nuna masa ranar da za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wanda ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022 a kwarin Binuwai. Mazaunin bakin kogi ya saurari sanarwar hukumomin ruwa da na agajin gaggawa.

Ga mai son ilimi kawai, yana da kyau ya ja taswirar gabas a watan Yuli ya sa tsayin mita 1,500. Zai ga wata iska mai ƙarfi tana tsallake Ikwaita ta gefen Kenya da Somaliya, ta lanƙwasa ta ratsa tekun Larabawa ta daki gaɓar Indiya, inda damina kan fara a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, kuma watanni huɗu daga nan suke ba ƙasar kusan kashi uku cikin huɗu na ruwanta na shekara. Idan ya ɗaga kallo zuwa sama da kilomita 13, zai ga iskar tana dawowa daga kan Indiya zuwa yamma har ta ratsa samaniyar Najeriya, kuma masana sun lura cewa shekarun da wannan iska ta sama ta yi ƙarfi sukan zo daidai da shekarun ruwa a Sahel. Daminar Mumbai da ta Gusau ba baƙin juna ba ne.

Abin mamaki, lokacin da hasashen manhajar ya fi zama abin dogaro a arewa shi ne bayan damina ta ɗauke. Hazon hunturu yana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki da ke kudu da duwatsun Tibesti, inda iska ke matsewa tsakanin Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura. Wannan tsari ne mai faɗi wanda na'urorin lissafi ke iya kamawa, don haka idan shafin ƙura ya nuna gungu ya tashi daga wajen garin Faya da ke kusa da kwarin, ana iya sa ran isowarsa Nguru da Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ciwon asma, da mai tikitin jirgin safe a Disamba ko Janairu, da mai noman rani da ke tsoron sanyin dare ko jiransa saboda alkama, za su fi amfana da ita a wannan lokaci fiye da yadda manomin damina zai amfana da jadawalin ruwa.

Ta fuskar amfani, akwai cikas da ba za a ƙi faɗa ba. Ana samun manhajar da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna masu yawa, amma babu Hausa, kuma ko mai jin Turanci sai ya zauna ya koyi ma'anar shafukan, domin ba a yi ta don wanda ke son amsa cikin daƙiƙa biyu ba. Gudun iska yana zuwa ne da ma'aunin masu jiragen ruwa, sai an shiga saiti an mayar da shi kilomita a awa. Tana cin data, musamman idan aka kunna hotunan tauraron ɗan'adam masu motsi, a ƙaramar waya kuma layukan iska suna sa ta nauyi su sha batir, ko da yake ana iya kashe su. Ba ta aiki sai da intanet, wanda ke nufin ƙauyukan da suka fi buƙatarta su ne ba za su same ta kai tsaye ba, sai dai ta hannun malamin gona ko ɗan gari mai waya wanda zai duba ya sanar.

Akwai tsarin biya na shekara-shekara, wanda ke ba da hasashe awa-awa maimakon duk awa uku, da ƙarin kwanaki a gaba, da sabuntawa sau da yawa a yini, da damar komawa baya sosai a hotunan tauraron ɗan'adam. Ga matuƙin jirgi ko mai aikin teku a Legas ko Fatakwal wannan yana iya zama kuɗin da aka kashe a kan hanya. Ga mazaunin Zariya ko Tawa mai bibiyar damina kuwa, ba na ba da shawarar biya, domin abin da kuɗin ke ƙarawa mafi yawa shi ne tsawo da daki-dakin hasashen ruwa, wato ɓangaren da ya fi rauni a yankinmu, alhali shafin tauraron ɗan'adam da na raɓa da na ƙura da madannin tsayi duk suna cikin na kyauta.